Zakara Ya Taka

Ƙaras! Ƙafar jan zakaran ta karye a hannun Dogara mai ɗori. Gimba na kwance a tabarma, gumi na tsiyaya, yana kallon yadda ake jera wa zakaran 'yan karare irin waɗanda aka ɗaure masa ƙwauri da su.

"Ran da ya taka, kai ma ka taka," in ji Dogara. "Haka muka gada."

Har gobe in Gimba ya tuna Fatakwal ta wancan zamani sai zuciyarsa ta karye. Yaƙin basasa ya ƙare, Hausawa sun dawo unguwar Borokiri ɗai-ɗai, kuɗin mai sun ɓarke, jirage sun yi layi a bakin ruwa. Shi kuwa ƙato ne ɗan dako, buhun siminti biyu yake saɓawa yana waƙa. Da yamma ya yi wanka, ya hau sabon kekensa, ya sayo wa matarsa Zuliha tsire mai zafi. Kai, an sha duniya! Sai ran da bututun ƙarfe ya suɓuce daga igiya ya sauka a ƙafarsa.

A asibiti aka yi masa hoto. Likita ya ɗaga shi a hasken taga, ya nuna masa ƙashinsa ya rabu wuri biyu, tsininsa ya huda fata. Ya ce sai an wanke raunin a ɗakin tiyata, an daidaita ƙashin, an sa siminti. In ya yi haƙuri, kafin damina ta zagayo zai hau kekensa.

Sai ga Alhaji Indabawa, mai masaukinsu, wanda ya riƙe Gimba tun zuwansa garin.

"Haba Gimba! Su waɗannan ina suka san ɗori? Da sun ga karaya wuƙa suke wasawa. Jiya-jiya aka gama yaƙi, za ka miƙa ƙafarka a ƙasar da ba taku ba? Ga Dogara ɗan gida."

"Baba, ai likitan cewa ya yi..." Zuliha ta fara.

"Ke, manya na magana."

Gimba ya so ya zauna a asibitin, wallahi ya so. Kunya ce ta tashe shi daga gadon nan.

*

Dogara ya shafa man shanu a kan raunin, ya tamke ɗaurin tam. Ƙafa ta kumbura, kumburin ya rasa hanya. Gimba ya cije, kada a ce ƙato yana raki.

Zuliha ce ta taɓa yatsun ƙafarsa ta ji su sanyi ƙalau.

"Malam, yatsun nan sun fara baƙi. Kuma akwai wari."

"Ƙashi ne ke kamawa. Ba a kwance ɗori sai zakara ya taka."

Kowa ya koma gadin zakara, ana ba shi dawa da ruwa. Rannan da hantsi ya miƙe, ya taka, har ya bi wata kaza da gudu. Mata suka rangaɗa guɗa. Aka kwance ƙafar Gimba, guɗa ta tsaya cak. Mutane suka toshe hanci suna zamewa. Dogara ya ce bari ya je Onica neman wani ganye, har yau bai dawo ba.

Aka mayar da Gimba asibiti. Likitan bai yi faɗa ba. Ya ce ɗaurin ya hana jini gudu, datti kuma ya ruɓar da raunin, yanzu rai ake ceto. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

*

Alhaji ya zo dubiya da lemo. A bakin ƙofa Gimba ya jiyo shi yana ce wa jama'a, "Ba na faɗa muku ba? Asibiti ba abin da suka iya sai yanka."

Zuliha ta wasa wuƙa za ta sa a yanka zakaran a yi farfesu. Gimba ya hana.

Kullum da safe yakan zauna a ƙofar gida da faifan goronsa, sanda a gefe, keken na jingine a zaure ya yi tsatsa. Zakaran yakan wuce ta gabansa da ƙafa biyu, ko ɗingishi babu.