Hoton da Ba Sadiƙ Ya Ɗauka Ba

Ni dai tun farko ban ga abin so a jikin ƙwaro ba. Abin da in ya hau ka kake kaɗewa, in ya faɗa miya ka tsame ka yar, shi ƙanena Sadiƙ ya mayar abin kallo. Saurayi ne da gemunsa, shi ke riƙe da lambun da mahaifinmu ya bari a bakin gulbi a Gurbin Bore, shi ke ci da Innarmu. Amma sai ka tarar da shi kwance rubda ciki tsakanin kuɓewa da barkono, ya kafa wa fara waya a fuska. Wani ɗan gilashi ya sayo a Gusau, mai maƙali irin na shanyar kaya, da yake ɗanawa a kan idon wayar don ƙaramin abu ya fito da girma. In ya gama sai ya cire ya rataya a wuya da zare, wanda bai sani ba sai ya ɗauka laya ce.

Kuma fa yana da dokokinsa, kamar wani babban aiki. Ba ya kama ƙwaro, ba ya taɓa shi. Ya ce in ƙwaro na ƙasa kai ma ƙasa za ka je, ku haɗa ido. Yakan riƙe numfashi har sai hannunsa ya tsaya cak, kuma hoton da ya yi dishi-dishi ko kaɗan gogewa yake. Na taɓa ce masa da rabin wannan haƙurin ya sa a neman aure da tuni Inna ta ga jika. Dariya kawai ya yi.

Da aure ya kawo ni Ƙaura Namoda, hanya kuma ta lalace da 'yan bindiga, sai zuwa gida ya zama sai an yi shawara. A ƙauyen babu sabis sai a kan tudun da ke bayan lambun. Saboda haka kowace safiya in Sadiƙ ya je ban ruwa sai ya hau tudun ya turo mini hoto ɗaya. Yau ƙoƙi-ƙoƙi mai idanu kamar ƙwallon goruba, gobe buzuzu yana tura kashin shanu, jibi zanzaro da laka a baki. A ƙasa kuma ya rubuta, "Yaya Rabi, ga mijinki ya zo gaisuwa." Ni kuma in mayar masa, "Allah ya shirye ka, sakarai." Ba mu taɓa faɗa wa juna ba, amma ni da shi mun san abin da hoton ke nufi: an kwana lafiya, ba a shigo ba.

Ranar da nake ba da labari, na gama shara, na dama kunu, na sallami yara makaranta, hoto bai zo ba. Na ce ƙila sabis ne. Na wanke kwanuka ina leƙen wayar da jiƙaƙƙen hannu. Sai da hantsi ya yi sosai ta yi ƙara, na ɗauka ina tsaki, har na shirya zagin da zan ƙara masa na jinkiri.

Babe ne a hoton, irin manyan nan masu ruwan ƙasa. An matse shi tsakanin yatsu biyu, ƙafarsa ɗaya ta cire. Daga tsaye aka ɗauka, hoton duk ya yi hazo. Faratan sun yi baƙi, akwai zoben azurfa a yatsa ɗaya, kuma Sadiƙ bai taɓa sa zobe ba. Can baya ba baƙar ƙasar lambunmu ba ce, duwatsu ne da gefen tayar babur. Ba a rubuta komai a ƙasa ba.

Wallahi nan take na gane ba Sadiƙ ne ya ɗauka ba. Na zauna a bakin turmi. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na kira wayar Inna, ba ta shiga. Na kira mijina Alhassan a shago na ce ya taho, ya ce lafiya, na ce ya dai taho.

Da ya zo ya duba hoton ya ce, "Rabi'atu, fara ce fa. Ƙila wani abokinsa ne ya ari wayar."

"Sadiƙ ba ya ba da aron wayarsa, kuma ba ya bari a kama ƙwaro a gabansa. Kira Zurmi ka tambaya, su ne kusa da ƙauyenmu."

Ya kira wani amininsa da ke can. Ina kallon fuskarsa tana sauyawa, yana ta cewa innalillahi a hankali. Da ya kashe ya ce an shigo gonakin bakin gulbi da sassafe a kan babura. An tafi da mutane, an kuma harbi wasu, har yanzu ba wanda ya iya zuwa ya duba su wane ne. Mu duka mun san waya ana karɓar ta a hannun mai rai, ana kuma zare ta daga aljihun gawa.

Muna nan zaune wayata ta yi ƙara, sunan Sadiƙ a kai. Na ɗauka. Muryar ba ta Sadiƙ ba ce, ta wani yaro ce, kuma yana tauna wani abu.

"Ke ce Yaya? Kin ga hwarar da na turo miki? Na ga kullum ana turo miki."

"Ina mai wayar?"

"Yana nan wurinmu. Ku shirya, za ku ji mu."

"Ba ni shi in ji muryarsa."

"Ba a magana nan."

Alhassan ya matso ya raɗa mini cewa kar in yarda da komai, an sha yin ciniki a kan mutumin da tuni an rufe shi. Na san gaskiya ya faɗa, kuma na ji haushinsa da ya faɗa. Ban san daga ina maganar ta zo mini ba, na dai ji bakina yana cewa, "To in ba a magana, ku ba shi wayar ya ɗauki hoton ƙwaro. Kowane iri. Shi da hannunsa."

Ya fashe da dariya, na ji yana maimaita wa wasu, su ma suka ɗauka. "Ashe ke ma mahaukaciya ce irin shi," in ji shi, ya kashe.

Aka yi azahar. Na yi salla ban san abin da na karanta ba. Yara suka dawo na zuba musu abinci na kora su maƙwabta. Inna ta samu wayar wani ta kira, muryarta ta dushe, ta ce an ɗauko waɗanda aka harba, akwai wanda ba a gane fuskarsa ba, maza sun hana ta zuwa ta gani. Ta ce, "Rabi, ko kin ji wani abu?" Na ce ta yi ta addu'a, zan kira ta. Na koma bakin turmi. Tururuwa sun yi layi suna jan tsaba daga inda na yi tankaɗe, tsintsiya na kusa da ni, na kasa share su.

Bayan la'asar wayar ta yi ƙara.

Cinnaka ne. Yana tafiya a kan igiya, an kama shi daidai ya ɗaga kai, bakinsa a buɗe. Ana ganin gashin ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ana ganin kowane zare na igiyar. Ƙafa aka ɗaure da igiyar, fatar ƙarƙashinta ta kumbura, ga tabon nan a idon sawu, inda fartanya ta sare shi yana ƙarami ina goye da shi muka kai shi kemis. Babu hazo ko kaɗan a hoton. Na san yadda ya sunkuya har ya haɗa ido da shi, na san yadda ya riƙe numfashi har hannunsa ya daina rawa, da bindiga a kansa.

Alhassan ya leƙo ya ce, "Mene ne wannan kuma?"

"Yana da rai," na ce. Sai a lokacin kuka ya zo mini, na yi shi sosai, ban ji kunyar kowa ba.

Da na samu idona ya washe na rubuta masa abin da na saba, "Allah ya shirye ka, sakarai," na tura. Alama ɗaya ta fito a gefen saƙon, wadda ke nuna ya bar wayata. Ta biyun, mai nuna ya isa, ba ta fito ba. Alhassan ya ce in tashi in kira Inna. Na ce to, amma ban tashi ba, ina riƙe da wayar da hannu biyu ina jiran ta biyun.