Ranaku Huɗu a Saƙonnin Yaya Almustapha

Da hantsi 'yan sa-kai suka ɗaure yayana Almustapha a jikin ɗorawar bakin kasuwarmu. Kafin in iso sun fasa masa leɓe. Sau huɗu 'yan bindiga suka shigo ƙauyenmu a damina biyu, kuma shugaban 'yan sa-kan, Malam Ummaru, ya rantse Yaya ne ke nuna musu hanya. Ya ce azahar na yi za su harbe shi.

Ni ce sakatariyar ƙungiyar manoma, Yaya kuma shi ke tuƙa taraktarmu. Kullum ya tashi aiki sai ya turo mini saƙo: kwanan wata da gonar da ya yi wa huɗa. Na kwashe su cikin fayil goma sha takwas a kwamfutata.

Na ce, "Malam Ummaru, ba ni ranakun nan huɗu da 'yan bindigar suka shigo."

"Ke 'yar boko, matsa kar jini ya ɓata miki hijabi."

"Ranakun nake tambaya."

Ya faɗe su yana dariya. Na zauna a ƙasa, na ɗora kwamfutar a cinya. Saƙo ya haura ɗari huɗu, ba lokacin bi ɗaya-ɗaya. Na rubuta 'yan layukan umarni da yaren kwamfuta na Python, na ba ta siffar kwanan watan da za ta tsinto: \d+/\d+/\d+, wato lamba, karkataccen layi, lamba, layi, lamba.

Rana casa'in suka fito. Babu ko ɗaya cikin huɗun.

"To, ina shaidar?" in ji Malam Ummaru. Wani ya ɗaga gora ya sauke wa Yaya a gwiwa. Na ji ƙarar ƙashin. Da na yunƙura, aka buge ni da gindin bindiga a kafaɗa, hannuna na hagu ya mutu.

Ban yi kuka ba. Ba a gabansu ba.

"Yaya! Yaya kake rubuta kwanan wata in kana sauri?"

Ya tofar da jini. "Ɗigo, Sa'adiya... wani lokaci in sa sunan watan."

Da hannu ɗaya na faɗaɗa siffar, ta karɓi ɗigo, ta karɓi "7 ga Yuli". Na sa ta fito da layin gaba ɗaya, har da sunan gona. Suna dukansa, ina danna maɓallai.

Na karanta da ƙarfi, yadda 'yan kasuwa za su ji. Rana ta farko, garin Matazu, ya kwana uku can. Ta biyu, Tsiga. Ta uku, garejin Funtuwa, taraktar ta lalace.

"Ta huɗun fa?" in ji Malam Ummaru.

"Gonar Malam Ummaru ta bayan rafi, daga safe har magariba. Ya ce ma kai ka kawo masa fura."

Wani dattijo ya ce haka aka yi, ya ga taraktar. Malam Ummaru ya kwaɗa mini mari har ɗankunnena ya yage mini kunne. Sannan ya zaro wuƙa ya yanke igiyar.

Babu wanda ya ba mu haƙuri, babu wanda ya kama mana. Ni na tallafe shi da kafaɗata mai lafiya, muka ratsa tsakiyar kasuwa, yana jan ƙafar da ba ta sake miƙewa ba har yau.