Fentin da Ya Ƙi Bushewa

Hadiyya ba ta zana mutum, ba ta zana gida, ko ganyen mangwaro ba za ka tsinta a allonta ba. Launi kawai take jerawa, wani bisa wani, har sai mai kallo ya ji wani abu ya taɓa shi. Matan unguwarsu ta Setapak suna yi mata tsiya, wai ko ɗan yaye aka ba burushi zai yi wannan. Ita kuwa tun da ta biyo mijinta karatu Kuala Lumpur, masu sababbin gidaje suke aiko mata da ƙyallen labule ta yi musu zanen da zai dace da falo. Sau da yawa an dawo mata da aiki an ce shuɗin ya yi duhu, kuma wannan ya sa mata tsoron sakin abu kafin ya kammala.

A ƙarshen shekarar 2016 Hafsatu ta aika a kira ta. Hafsatu matar Malam Yahuza ce, wani malamin jami'a da ke zaune a unguwar Danau Kota, kuma ciwon daji ya kwantar da ita har likitoci sun sallamo ta gida. Kowa ya san abin da wannan sallama take nufi.

"Hadiyya, na gaji da kallon farin bangon nan," in ji ta. "Ki yi mini kalar katangar gidanmu a Malumfashi, in an ɗauke ruwa da la'asar. Ba gidan nake so ba, jan kawai. Boleh? Za ki iya?"

"Boleh, Anti. Ki ba ni kwana goma."

A nan Hadiyya ta yi wautar gwanaye. Tana da fentin ruwa mai bushewa cikin awa guda, wanda take yi wa masu labule aiki da shi, amma ta ga Hafsatu ta fi ƙarfin wannan. Ta ɗauko fentin mai, ta shafa shi da kauri, ja bisa ruwan ƙasa, da ɗan zaren rawaya a gefe. Aiki ya yi kyau, ita kanta sai da ta yi hawaye a gabansa. Sai dai watan Nuwamba ne, ruwa kullum, iska a jiƙe. Ta kunna masa fanka dare da rana, fenti ya ce bai san zancen ba.

Ranar Talata Malam Yahuza ya kira Hadiyya, wadda yake ce wa Maman Adnan.

"Maman Adnan, tana ta tambaya fa. Ko za ki kawo hakanan?"

"Malam, in aka ɗauka yanzu zai dame a mota. Just three days, don Allah."

Ya ce to, Allah ya kai mu.

Ranar Juma'a da hantsi ta taɓa gefen allon, yatsanta ya fito fes. Ta kira mota, ta rungumi zanen a kujerar baya, tana ta gaya wa direba ya bi a hankali. Tun daga ƙofar gidan ta ga takalma sun yi yawa. Hafsatu tana da sauran numfashi, amma tun daren Laraba ba ta ƙara buɗe ido ba, kuma mata sun zagaye gadon suna karatu ƙasa-ƙasa.

Hadiyya ta jingina zanen da farin bangon, daidai inda idon mai jinya zai sauka. Ta durƙusa ta kira sunanta sau biyu. Ta juya wajen Malam Yahuza tana neman ta yi bayani.

"Tsoro na ji kada a taɓa ya ɓaci, Malam."

Ya daɗe yana kallon jan. Babu faɗa a muryarsa, kuma da ya yi faɗan da ya fi mata sauƙi.

"Kalar ce kuwa, haka katangar take," ya ce. "Amma da kin kawo shi a jiƙe, Maman Adnan. Ai ba taɓawa za ta yi ba. Mako biyu ke nan hannunta ba ya ɗaguwa."