Ciyawar Iya Nagoggo

Babu wanda bai yi wa Kalilu dariya ba a unguwarsu ranar da ya sauko daga motar Kano da buhu uku na ciyawa. Mutum da hankalinsa, ana zaune a Daura, ya tafi har Kano sayen ciyawa! Shi kuwa ko a jikinsa, don wanda ya sayar masa ya ce ta Turawa ce, irin ta gidajen manya.

Dalilinsa mai ƙarfi ne. Mahaifiyarsa, Iya Nagoggo, ta gamu da shanyewar ɓarin jiki, likita a Katsina ya ce in ba ta takawa kullum, ƙafar ta tafi ke nan. Sau ɗaya ta gwada a kan siminti, ta faɗi ta fasa goshi, ta ce ita da tafiya sai a lahira. Shi ya sa ya dasa ciyawar daga ƙofar ɗakinta har bakin zaure, yana shayar da ita safe da yamma kamar jaririya. Da ta yi laushi, Iya ta yarda ta taka. Taku biyar, taku goma, har ta kai rabin hanya, burinta kuwa ta ga ƙofar gida da ƙafarta.

Sai damina ta kayar da katangar gefe, Kalilu ya tare wurin da darni kafin ya samu magini. Wata safiya bayan ruwa, shanun huɗar maƙwabcinsa Auta suka tsinke daga turke, suka ture darnin suka shigo. Abin da ba su ci ba suka tattake. Ƙasa ta jiƙe, ko'ina ramin kofato, wurin ya koma caɓi.

Iya ta leƙo ta taga, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "To, Allah ya yanke. A mayar da ni gado."

Wannan magana ta fi ɓarnar yi wa Kalilu ciwo. Ya fita a fusace ya sami Auta, ya tuna masa cewa mai unguwa ya sa an yi shela kowa ya ɗaure dabbobinsa, kuma yanzu zamanin shari'a ne, gaban alƙali za su haɗu. Auta bai musa ba. Ya ce, "Laifina ne, Malam. Amma mu je in gani da idona."

Suka shigo da sallama. Kalilu ya ɗauki fartanya, ya ce yau zai tone komai, ya sake komawa Kano. Auta ya tsuguna, ya zaro wani zare na ciyawar daga laka, ya jujjuya shi. Sai dariya ta ƙwace masa, ya yi maza ya rufe baki da hula.

"Malam Kalilu, wannan ce ta Turawan?"

"Ita ce. Me ya faru?"

"Wallahi kiri-kiri ce! Shekara goma sha tara ina yaƙi da ita a gonata, na nome, na ƙone, ta ƙi mutuwa. Ajiye fartanyar nan, saiwarta na nan da rai. Shanu biyu ba su isa su kashe abin da ya gagare ni ba."

Kunya ta kama Kalilu, amma wani sanyi ya ratsa zuciyarsa.

Washegari sai ga Auta da amalanke a ƙofar gida, shaƙe da kiri-kiri, an yanko ta falle-falle da ƙasarta. Labari ya zaga, manoman unguwa suka yi ta kawo tasu, kowa na murnar ya samu inda zai kai maƙiyiyarsa. Auta ya tuɓe riga, suka cike ramukan da yashi da tsohon taki, suka jera fallayen, suka bi su da ƙafa suna dannawa. Mako uku da ruwan sama, wuri ya fi da kyau.

Sai dai Iya ta ƙi fitowa. Ƙafar ta yi tsami da kwanciya, tsoro ya dawo sabo. Kalilu ya yi lallashi har ya gaji, ya fara ganin wahalarsu ta tashi a banza.

Ranar Juma'a Auta ya yi sallama a zaure, ya ce a gaya wa Iya ya zo neman gafara. Kalilu ya kai saƙo. Tsohuwa ta ce, "Ba a aike zan ba shi amsa ba. Miƙo min sandata."

Ta sa ƙafa a ciyawa. Ta wuce inda ta saba tsayawa, Kalilu na bayanta hannu a buɗe, bai taɓa ta ba. Da ta dafa bangon zaure, Auta ya durƙusa.

"Kai ne mai shanun?"

"Ni ne, Iya. A gafarta mini."

"Na yafe. Allah ya yi maka albarka, kai da gonarka." Ta numfasa, ta dubi hanya, inda rabonta da gani wata goma sha ɗaya. "Kalilu, yaushe aka sare dalbejiyar nan?"

Hawaye suka zubo wa Kalilu. Ya kama hannun Auta da hannu biyu, ya kasa saki.