Injin Iskar Maliki

"Kwance bayansa mu gani," in ji Maliki, yana nuna injin da haɓa. "Ba kai ne mai gyaran rediyo ba?"

"Na asibiti ne, maƙwabci," na ce. "In na ɓata fa?"

Ya so ya yi dariya, tari ya riga shi. Na jira har ya lafa, na gyara masa siririyar robar da ke shiga hancinsa.

Katanga ɗaya ce tsakanina da Maliki. Shekara goma sha takwas ya yi yana haƙar zinare a ramukan dajin nan namu na Birnin Gwari, ƙurar dutse ta cinye masa huhu. Kafin zuwan injin, daga shimfiɗarsa zuwa bakin zaure sai ya huta sau biyu. Sista Alice, ma'aikaciyar jinya, ita ta kawo shi aro, tare da batir da faifan sola da muka ɗora a kan kwano. Girman injin bai wuce jarka ba.

Abin da ya hana Maliki sakat shi ne ba a zuba wa injin komai.

"Sista, a ina yake samo iskar?" ya tambaye ta ran Alhamis, tana maƙala masa ɗan abin awo a yatsa.

"A ɗakin nan, Baba. Cikin kashi biyar na iskar da muke shaƙa, kusan ɗaya ne jiki ke bukata. Shi yake tacewa ya ba ka."

Ya ƙura wa injin ido.

"Ashe abokin sana'a ne," ya ce. "Mu ma buhun ƙasa guda muke wankewa don ɗan abin da bai cika farce ba."

Daga ranar ya shiga gwaji. Ya kwanta ta dama a duba lambar abin awon, ya zauna a duba. Ya gano in ya jingina da buhun masara ya ɗan sunkuya, lambar kan hau daga tamanin da takwas zuwa casa'in da ɗaya. Da Sista ta haɗa shi da wani likita na Zariya ta waya, fuska da fuska, shi ya riƙa yi wa likitan bayani.

A haka ya ga damina biyu. Ya aurar da 'yarsa Huseina yana zaune a ƙofar gida, roba a hanci, yana amsa gaisuwa.

Sai marka ta sauka a watan Agusta, kwana uku babu rana. Da hantsin na uku matarsa Bushira ta leƙo ta katanga.

"Malam Ɗalha, injin yana kuka!"

Na tarar batir ya ƙare, jar fitila tana ƙiftawa, leɓɓan Maliki sun yi duhu. Na ruga shago na ɗauko batirin da nake aiki da shi. Kafin azahar shi ma ya yi sanyi. Maikuɗi direba ya ciro na motarsa ya kawo a ka, cikin ruwa. Aka kawo na lasifikar masallaci. Ina canzawa, Maliki na bin hannuna da ido.

"Jar wayar ce ke kai wuta, ko baƙar?" ya ce da ƙyar.

"Ka yi numfashi tukuna."

"Gaya mini dai."

Na gaya masa.

Washegari rana ta fito tas, batir ya fara cika. Ya sha kunu rabin kofi, ya ce a buɗe taga. Wajen ƙarfe goma Bushira ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa. Yana jingine, idonsa a rufe, injin na ta aikinsa lafiya lau. Na kira sunansa sau biyu. Na yi salati, na zare robar, na kashe injin.

Bayan addu'ar uku Sista Alice ta zo ta yi gaisuwa. Ta daɗe a durƙushe kafin ta ce akwai wata tsohuwa a Randagi da ke jiran injin.

Bushira ta goge injin da tsumma, ta naɗe shi da zanenta saboda yayyafi. Sista ta hau bayan babur ta rungume injin a cinya. Muka tsaya a ƙofar gida, mai babur na kauce wa kududdufai a hankali, har suka sha kwana.