Kwalbar da ke Ƙarƙashin Famfo

Tun da aka binne Mama, Baba ya daina cin abinci. Da ma faɗa yake yi, da an samu abin kamawa. Ina! Auta za ta ajiye masa faranti, ya ce sannu da aiki, ya ɗan juya cokali a ciki, ya ture gefe. Telan da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗinka wa mutane kaya daidai jikinsu, yau wandonsa ba ya tsayawa sai da ya ƙara wa bel huji. Likita ya ce babu ciwo a jikin, amma in aka ci gaba a haka gado za a ba shi. Auta ta fito daga wajen likitan ta kamo hanyar gida. Ta rasa uwa, ga uba yana zame mata tana kallo.

Tana wanke kwanuka ne ta tuna da tsiron wake. Mama kan jiƙa ƙananan wake a kwalba har su fito da fararen wutsiyoyi, ta soya da albasa da tafarnuwa, ta fasa ƙwai a kai. Kullum Baba sai ya tsokane ta: "Ciyawa kuma? Bunsuru kika aura?" Kuma shi ne mai kankare kaskon.

Matsalar ita ce Auta ci ta iya. Aiki ya ɗauke ta daga gidan tun da wuri, bakin 'yan abubuwan da ta riƙe ke nan: a jiƙa, a ɗaure bakin kwalba da ƙyalle, a ɗauraye safe da yamma. Ta samo kwalbar zuma da ta ƙare, ta yi duk wannan, ta ɗora ta a taga inda rana ke bugawa sosai. To wane tsiro ne ba ya son rana?

Wake kuwa ya ji daɗinsa. Ya yi kore shar, har da 'yan ganyaye, Auta na ta murna kamar ta ci jarrabawa. Ranar suya ta ɗanɗana daga kasko, sai fuskarta ta tattare. Ɗaci! Ta ƙara gishiri, ta ƙara ƙwai, ɗacin yana nan daram. Ta tsaya riƙe da ludayi, kuka na taso mata, sannan ta zuba a faranti a haka ta kai falo.

Ƙamshin tafarnuwa ne ya sa Baba ɗago kai. Ya daɗe yana kallon farantin. Ya ɗebi cokali guda, ya tauna a hankali, ya ajiye cokalin.

"A ina kika ajiye kwalbar?"

"A taga, Baba."

"Haba, Auta. Rana ce ke sa shi ɗaci. Uwarki duhu take ba shi."

Rabon da ta ji magana mai tsawon haka daga bakinsa har ta manta. Ya dafa kujera ya miƙe, ya ja silifa zuwa kicin, ɗakin da bai taka ba tun rasuwar. Ya durƙusa da ƙyar gaban ƙaramin kabad ɗin da ke ƙarƙashin famfo, wanda Auta ba ta taɓa buɗewa ba don ta ɗauka tsofaffin bokitai ne kawai a ciki.

"Nan take sa ta, a karkace, don ruwan ya tsane. Kin ga, bayan wannan..."

Ya buɗe kabad ɗin. Kwalbar Mama tana nan, a karkace cikin kwano. Bakinta ɗaure da guntun shuɗin yadi da shi da kansa ya kalmashe wa gefe a keken ɗinkinsa. Waken ya tsira a duhun nan ba wanda ya sani. Ya cika kwalbar, ya yi ta turo ƙyallen yana neman ruwa, da bai samu ba ya bushe ya yi baƙi.

Baba ya ɗauko ta da hannu biyu, ya zauna daɓas a ƙasa.

"Da safen da za mu asibiti ta jiƙa shi," ya ce. "Ta ce kafin a sallame ta ya isa suya. Ita fa ba ta ci, Auta, cikinta ba ya karɓa. Ni take yi wa."

Sai kukan ya ɓalle. Mutumin da ya karɓi gaisuwar jama'a idonsa ƙamas, ga shi rungume da kwalba yana sheshsheka. Auta ba ta ce masa ya yi haƙuri ba, ta gaji da jin kalmar nan ita ma. Ta zauna kusa da shi, ta jingina da ƙafar tebur, suka yi kukansu tare.

Da ya lafa, ta kama shi ya miƙe. Ya kwance ƙyallen, ya zazzage busasshen tsiron, ya wanke kwalbar da kansa, ya hana ta sa hannu.

"Akwai sauran waken?"

"Akwai. Amma sai ya yi kwanaki kafin ya tsira, Baba."

"Na sani. Ni zan riƙa ɗauraye shi." Ya share fuska da hannun riga. "Ɗauko mini wancan mai ɗacin."

"Ya huce fa."

"Ɗauko dai."

A kicin ɗin ya ci, kan 'yar kujerar da Mama ke zama tana yanka albasa. Yana ci yana yamutsa fuska, hawaye na ɗiga a farantin. Auta ta juya baya tana wanke kaskon da ta riga ta wanke, kunnenta na kan ƙarar cokalin, har ta ji ya fara kankare farantin.