Kwamfutar da Ke Gyangyaɗi Idan Baba Ya Yi Shiru

Likita ya ce da zarar an yi wa Baba aikin maƙogwaro, muryarsa ba za ta dawo ba. A hankali ya faɗa, yana jujjuya biro a hannu, ya kuma ce mako mai zuwa za a yi aikin. Ni da Yaya muka fito idanunmu jajur. Shi kuwa Baba abin da ya dame shi a hanya shi ne wai mun baro fitilar baranda a kunne.

Da muka isa gida ya kashe fitilar tukuna, sannan ya ce yana so a naɗi muryarsa. Matar Yaya na da tsohon ciki, kuma Baba ya ce ba zai yarda jikansa ya taso yana jin labarin kakansa a bakin wasu ba. Yaya ya zaro wayarsa, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Mayar da abarka aljihu. Waya nawa ka yar tun da na san ka? A kwamfutata za a sa."

Kwamfutar tasa tsohuwa ce, irin ta kan tebur, wadda aka sallame shi da ita lokacin da ya bar aiki. Tana ɗakinsa kusa da taga, an lulluɓe ta da tsohon zanen Mama. Ni ce auta, ni ce kuma mai gyaran kwamfuta a gidan, saboda haka ba sai an ce ni zan yi ba. Na kawo makirufo daga shagonmu, na jona, na nuna masa inda zai danna. Ya yi kwana biyu yana magana da rana tsaka, lokacin da layinmu ke yin tsit, labule na kaɗawa, hasken rana na rarrafe a kan tebur har ya hau bayan hannunsa.

Ranar da muka zauna saurare ne hankalinmu ya tashi. Muryar Baba na tafiya sumul, sai ya yi shiru irin nasa, dogo, kamar ya tafi neman maganar a wani gari. In ya dawo, sai mu ji farkon maganar babu. "...ta ce min kada in koma." Wa ta ce? "...shi ne abin da na fi jin tsoro." Mene ne? Kowane shiru sai ya cinye kalma biyu ko uku na bayansa, kuma duk wanda ya san Baba ya san abin da yake faɗa bayan shiru shi ne maganar, sauran duk share fage ne.

Matar Yaya ta fara share hawaye. Yaya ya ja ni waje ya ce, "Auta, ciwon ya fara cin maganarsa. Mun makara."

Mama na guga a tsakar gida, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ni ina jin sa ta taga," ta ce. "Ba abin da ya haɗiye. Mutumin da har yanzu yake ƙirga min laifin fitila ɗaya bayan ɗaya? Ku dai duba akwatinku."

Na ji sanyi a raina, na kuma ji kunya, don akwatin nan aikina ne. Na canza makirufo, na canza waya, na buɗe cikinta na hure ƙurar da ta taru a fanka. Na zauna na yi ta zuba ni kaɗai don gwaji, na saurara, ko harafi ɗaya bai faɗi ba. Na kira Baba na ce an gyara. Ya zauna, ya yi magana, ya yi shirunsa, ya dawo, farkon maganar ya sake ɓacewa.

"To ni ta tsana ke nan," in ji Baba.

"Ba ta tsane ka ba, Baba."

"Ke kin taɓa yin shiru ne da za ki sani?" Yaya ya jefo daga bakin ƙofa.

Na juya zan rama, sai na tuna yadda na yi gwajin. Gaskiyarsa. Ni tun ina ƙarama ake cewa bakina ba ya mutuwa, gwajin da na yi kuwa ko numfashi ban tsaya yi ba. Na kore su duka, na rufe ƙofa, na buɗe allon da ke nuna aikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Irin mai ɗaki biyu ce, ƙwaƙwalwa biyu a jiki ɗaya, kowacce da layinta kore a kan allo. Na yi magana, layukan biyu suka motsa. Sai na yi abin da ban saba ba, na kama bakina.

Ban san ɗakin Baba na da sauti haka ba sai ranar. Agogon bango, tattabarun maƙwabta, wata mata can nesa tana kiran ɗanta, ƙarar dutsen guga idan Mama ta ajiye shi. Ina zaune ina kallo, sai fankar kwamfutar ta fara sassautawa. Layi ɗaya ya sauko a hankali, ɗayan kuma ya kwanta gaba ɗaya. Ni ma idona ya fara nauyi. Na ga kamar ina ƙarama, kwance a kan tabarma a ɗakin nan, ƙafafun Baba a ƙarƙashin tebur, ina jiran ya ƙarasa wani labari da ya tsaya a tsakiyarsa, har barci ya ɗauke ni ban ji ƙarshen ba. Na farka firgigit na ce, "Baba!" Layin da ya kwanta ya yi tsalle, amma a makare. Da na saurara, "ba" ɗaya kawai ta shiga.

Ashe tsarin tsimin wuta ne. In kwamfutar ta ga aiki ya yi sauƙi sai ta rage gudu, ta kwantar da ƙwaƙwalwa ɗaya, ta bar ɗayar tana gadi da rabin ido. Sabbin kwamfutoci kan farka kafin ƙiftawar ido. Wannan tsohuwa kuwa sai ta yi miƙa, ta yi hamma, biyun su tsaya tambayar juna inda aka kwana, kafin nan maganar Baba ta wuce.

Na shiga wurin saitin wuta, na tarar an kai komai ƙarshen tsimi. Ba sai na tambayi wanda ya yi ba. Na mayar da shi cikakken ƙarfi, na gwada, abin ya ragu amma bai tafi ba. Sai na kashe ta na sake kunnawa, na shiga shuɗin allon nan da ake shiga kafin ta gama tashi, inda ba a amfani da komai sai maɓallan kibiya. Can ƙasa na samo su, layi biyu, ɗaya mai rage gudu, ɗaya mai sa barci. Na kashe su. Na kuma ɗaure manhajar naɗin murya a ƙwaƙwalwa ɗaya, don kada a riƙa miƙa aikin hannu zuwa hannu.

Ashe Baba ya shigo, yana tsaye a kaina, hannu a baya. "Me kika kashe?"

"Barcinta."

"Wato yanzu ko ba ta aikin komai sai ta yi ta shan wuta?"

"Sai ta yi ta sha, Baba."

Ya yi tsaki, ya kalli silin kamar mai neman fitilar da zai kashe ya huce. "Kwana nawa?"

"Har ka gama."

Ya sauke ido kan kwamfutar. Sannan ya ce, "To, a bar ta ta sha."

Sai dai gyara ɗaya ya haifo wata matsalar. Da aka hana ta barci sai ta ɗau zafi, fanka ta shiga gurnani kamar injin niƙa, muryar Baba kuwa dama ta dushe, sai ƙarar ta danne ta. Na cire fankar na wanke, na goge busasshen man da ke kan furosesa na shafa sabo. Ta ɗan lafa, amma makirufo na jin ta. Ranar asibiti kuma tana matsowa, Baba na yawan taɓa wuyansa, kullum muryar na ƙara sirancewa. Tsoro ya kama ni sosai, na fita bayan gida na yi kukana na wanke fuska.

Mama ce ta ce, "In ba za ta yi shiru ba, ku fitar da ita mana. Haka nake muku kuna yara."

Haka aka yi. Muka kinkimo akwatin da allon muka ajiye a baranda a kan kujera. Na ɗauko doguwar waya na zura ta ƙarƙashin ƙofa, makirufo kaɗai ya rage a gaban Baba. Ya ce a rufe masa taga, kowa kuma ya ba shi wuri. Ni ma da zan sa abin ji a kunne sai ya ce, "A'a. Ke dai ki tsare min ita kada ta yi barci."

Ranar ƙarshe kafin aikin, a baranda na wuni. Ba na jin komai sai fanka. A kan allo muryar Baba ta zama zane, tana hawa tana sauka kamar tsaunuka daga nesa, sai ta miƙe ta zama fili. A ƙasanta layukan nan biyu kore suna tsaye, ido biyu. Inuwar bishiyar maƙwabta ta taso daga bango ta rufe ƙafafuna. Can wajen la'asar filin ya yi tsawo, ya yi tsawo, har na miƙe zan leƙa ko lafiya. Na kai hannu ƙofa, sai na ga zanen ya tashi, ɗan gajere, ya sake kwanciya. Jim kaɗan Baba ya buɗe ƙofa ya ce a ba shi ruwa.

An yi aikin lafiya. Ya dawo gida da farin ƙyalle a wuya da ɗan allo na rubutu, wanda bai cika amfani da shi ba, don da gira kaɗai yana iya yi mana faɗa. Wata rana da hantsi ya nuna kwamfutar, ya nuna kunnensa. Muka taru a ɗakinsa, matar Yaya a kan gado ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura, Mama a bakin ƙofa da rigar Yaya tana sa maɓalli, wai ita ba zama ta zo yi ba.

Muryar ta cika ɗakin. Baba na gaya wa jikansa yadda ya haɗu da kakarsa. Yana saurayi, an kira shi aiki a wani babban gari, aikin da kowa ke nema. Ya je tasha, jirgin ƙasa ya tafi ya bar shi, ya koma wurin yarinyar da ke sayar da tikiti yana roƙo ta canza masa. Ta ce sai gobe. Washegari ya dawo, aikin ya wuce shi, ita kuma ya same ta. Duk mun san labarin, Mama ta sha ba mu shi tana cewa ta auri mutumin da ko jirgi bai iya kamawa ba. Yanzu ma ta yi dariya ta ce, "Kun ji dai da bakinsa."

Sai shirun ya zo. Ana jin numfashinsa a lasifika, da agogon bango. Yaya ya ɗauka an gama, ya kai hannu zai kashe. Baba ya buge hannun, ya ɗaga yatsa ɗaya sama, ya riƙe shi haka. Ba wanda ya motsa. Shirun ya yi ta tafiya, mu duka muna cikinsa.

Muryar ta dawo, cikakkiya tun daga harafin farko.

"Ban makara ba. Ina tsaye jirgin ya zo, ina tsaye ya tafi. Na ga kakarka ta tagar tikiti ne, na kasa shiga. Kada ka gaya mata, za ta yi min dariya."

Mama ba ta yi dariya ba. Allurar na hannunta, zaren na lilo. Ta daɗe tana kallonsa, shi kuma ya sauke yatsan yana kallon ƙasa kamar yaron da aka kama.

"Auta," ta ce, "mayar min da shi baya."

Na tambaye ta daga ina.

"Daga inda ya yi shirun."